Malamin duba nama: aikin da 'ya'yan kara suka bar wa wasu



Ni a kara na tashi. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yana ɗauko su daga Potiskum zuwa Legas. Wata rana wani mahauci ya ɗauki bijiminsa bashi, aka yanka a kwata. Malamin duba nama ya tsaga huhun, ya ga ƙulle-ƙulle masu tauri, ya duba sauran jikin ya ga sun bazu, ya ce tarin fuka ne, naman nan ba zai shiga kasuwa ba. Mahauci ya ce shi ba zai biya ba. Baba ya dawo gida yana cewa an zalunce shi, don bayanin da aka yi masa da Turanci ne, bai fahimci komai ba. Sai daga baya na gane malamin nan yana kan gaskiya.

To mene ne aikinsa? Duba biyu yake yi. Kafin yanka yana kallon dabbar a tsaye: tafiyarta, numfashinta, ko tana dalalar da miyau irin na boru. Bayan yanka kuma ya duba kai, huhu, hanta, zuciya da kaluluwa. Idan tsutsar hanta ce, hantar kaɗai ake zubarwa. Idan tarin fuka ne ya bazu, duk naman ya tafi, domin mutum yana iya ɗauka. Akwai kuma ciwon saifa, wanda dabba ke faɗuwa farat ɗaya jini na fita ta hanci, wannan ko feɗe ta ba a yi. Kun tuna a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a Suleja, a shekarar ce gwamnati ta gargaɗi mutane kan cin ganda.

Yaya ake shiga? Sai kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, bayoloji da kemistiri, sannan ka zana JAMB. Akwai kwalejin tarayya ta kiwon lafiyar dabbobi a Moor Plantation, nan Ibadan, akwai irinta a Vom ta jihar Filato. ND shekara biyu ce, HND ma biyu. Mai son zama cikakken likitan dabbobi sai jami'a, kamar ta Ibadan ko ABU Zariya, inda ake shafe wajen shekara shida.

Wurin aiki kuwa akwai sashen dabbobi na ma'aikatun gona na jihohi, su ke tura ma'aikata mayanka irin ta Oko-Oba a Agege. Akwai hukumar NAQS mai duba dabbobi da kayan gona a filayen jirgin sama, tashoshin ruwa da kan iyaka. A 2024 ma an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Manyan gonakin kaji su ma suna ɗauka.

Amma fa ba zan ɓoye muku ba, aikin da wuya. Tun asuba kana cikin jini da kashin shanu, albashi ba wani mai yawa ba. Aikin jiha a nan Kudu sau da yawa sai an nemi takardar ɗan asalin jiha, don haka na tarayya ya fi mana sauƙi, da takardar jiharka ta asali. Sannan ga babbar jarrabawa: ranar da abokin babanka zai damƙa maka wani abu a hannu ya ce ka kau da kai. In ka karɓa, ɗan wani ne zai ci naman.

Duk da haka ina ganin mu muka fi dacewa da shi. Yaron da ya tashi a kara, daga nesa yake gane saniya marar lafiya. Yana jin Hausa, yana jin Yarbanci, wani har Fulatanci. Zai iya zaunar da dattijo ya nuna masa huhun, ya faɗa masa abin da zai riƙa dubawa tun a kasuwar Arewa kafin ya zuba kuɗinsa.

Iyaye, in yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, kar a ce sai riƙon igiya kawai. Ni dai bana zan sake zana kemistiri, in Allah ya yarda. Allah ya sa mu dace.