Lambu Ba Ya Koyuwa Sai da Mutane

Tun da kayan miya suka yi tsada, gidaje da yawa a biranenmu sun koma shuka a tsakar gida. Wannan ta jera buhunan siminti cike da ƙasa ta zuba alayyafo, wancan ya huda tsohon bokiti ya dasa attaruhu, ga zogale a gindin katanga. Abin a yaba ne. Sai dai duk wanda ya gwada ya san shukar farko ba kasafai take kaiwa ba, kuma yawanci wanda ke ceto ta biyu wani ne da bai ci ko sisinka ba.

A duba yadda ilimin lambu ke yawo a tsakaninmu. Mai koyo ya samo ɗanyen kashin kaji ya labta wa tumatirinsa, yana ganin gata ya yi masa, kwana kaɗan ganye ya ƙone. Sai maƙwabci ya leƙo ya ce, "Malam, ai taki sai ya ruɓe. Tara shi gefe, ka riƙa yayyafa masa ruwa har zafinsa ya fita." Wata ta ciro dashe da tsakar rana ya yi yaushi, tsohuwar gidan kusa ta ce, "'Yar nan, da yamma ake dashe, rana ta yi sanyi." Haka ake jin cewa tumatir kan yi mako uku zuwa huɗu a wurin raino kafin a dasa shi, albasa kuwa takan kai mako shida ko fiye. Haka ake jin cewa zogale sai an datse kansa yake yin rassa, in ba haka ba ya miƙe kamar gora, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a jikin ledar iri. A bakin mutane suke, kuma mai su yana da ikon ya yi shiru ya wuce.

Abin da ya sa ba ya yin shirun ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu za su ce halin kirki ne kawai, kuma akwai wannan. Addini ma ya kwaɗaitar, domin ya zo a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Amma manoman rani suna da wani dalili na zahiri: gonakinsu a haɗe suke. A yankin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake ban-ruwa daga madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ɗaya ne ke bi ta hanya ɗaya daga wannan gona zuwa waccan. Wanda ke sama in ya tare ruwa fiye da rabonsa, na ƙasa ne zai kwana da ƙishi. In na ƙasa ya ƙi fitowa yasar magudana, ciyawa ta toshe ta, kowa ya sha wahala. Mutumin da ya rayu a irin wannan wuri ba ya buƙatar dogon wa'azi kafin ya gane amfanin zaman lafiya da maƙwabci.

Shekarar 2016 ta ƙara fito da wannan fili. Tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, farashi ya yi tashin gwauron zabo har Legas. Ƙwaron nan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, tsutsarsa na shiga cikin ganye ta ci daga ciki, shi ya sa feshi ba ya saurin kai mata. Ba ta san iyakar gona ba. Wanda ya gan ta a gonarsa ya ɓoye don kada a ce kayansa sun lalace, ya cuci na kusa da shi, kuma daga can za ta sake dawo masa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce shafa wa naka ruwa. A lambu har da ɗaukar guga ka taya shi kashewa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba: alheri ma yana son gwani. Sababbin masu shuka sun fi kashe tsiro da yawan ruwa fiye da ƙarancinsa. Saiwa na buƙatar iska, in ƙasa ta jiƙe sharkaf kullum sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shi kuma ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara zubawa. Tsofaffin manoma kan tura yatsa cikin ƙasa su ji damshinta kafin su ɗauki ruwa. Haka taimakon mutane yake. Akwai mai ba ka shawara a gaban jama'a don a san ya fi ka sani, akwai mai kyautar da sai ya bi ka da gori shekara guda. Na fi ganin girman wanda zai ja ka gefe, ya tambaye ka me ka zuba wa shukar, sannan ya yi magana. Ko mai kayan miya da ke ƙara wa yaro gyara ba tare da an roƙa ba ya fi mai babbar kyauta da shela sanin wannan.

Kyautar iri ma da ƙa'idarta. Irin gida, na kuɓewa ko yakuwa ko rama, ana iya ajiye shi a busar a raba, ya fito kamar uwarsa. Irin kamfani da aka yi wa aure kuwa, in ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa, ba lallai ya ba da abin da ya bayar a karon farko ba. Don haka in za ka ba wani, gaya masa gaskiyar abin da ka ba shi, kada ya yi wata uku yana wahalar banza. Albasar Galmi ta Nijar, wadda sunanta ya kai kasuwannin Afirka ta Yamma, manoma ne suka riƙe irinta hannu da hannu tun kafin masu bincike su tace shi.

Mai karatu, in kana shirin fara shuka a rani mai zuwa, kafin ka sayi iri nemi mai lambu mafi kusa da kai, ka yi masa sallama, ka tambaye shi abin da ke yi a ƙasar unguwarku. In kuwa kai ne ka riga ka iya, dashen da ya rage maka a wurin raino kada ka bari ya bushe; aika wa maƙwabta, ka haɗa musu da bayanin yadda za su dasa shi.