Yadda Sabon Mai Zane Zai Yanke Ladan Aikinsa a Masarautar Daura

A ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, ana samun matasa da suka koyi zane da kwamfuta ko da wayar hannu. Su ne ke tsara katin ɗaurin aure, da kalandar walimar saukar Alƙur'ani, da allon shago, da tambarin ƙungiyoyin manoma. Abin da muka lura shi ne, da yawansu sun iya aikin, amma idan aka tambaye su "nawa za a ba ka?" sai su sunkuyar da kai su ce a ba da abin da ya sawwaƙa. Daga nan asara ke farawa.

Da farko, wajibi ne mai zane ya raba kuɗin kaya da ladan hannu. Kuɗin kaya ya haɗa da takarda, da tawada, da data, da man janareta, da kuɗin mota idan sai an kai aikin Kano ta hanyar Kazaure domin a buga. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 waɗannan kuɗaɗe ba sa zama wuri guda, don haka a tambayi maɗaba'a farashin ranar kafin a faɗa wa mai aiki komai.

Ladan hannu kuwa shi ne mai wuyar yankewa, amma akwai ma'auni. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata. Idan aka raba shi kwana 26, yini guda ya kama kusan Naira 2,700. To amma mai zaman kansa ba kullum yake samun aiki ba. Idan kwana 13 kawai yake aiki a wata, sai yininsa ya kai kimanin Naira 5,400 kafin ya kamo mai ƙaramin albashi, kuma ba a sa lalacewar kwamfuta a lissafin ba. Saboda haka wanda ya kwashe yini guda kan tambarin makaranta ya karɓi Naira 1,000, da kuɗinsa ya yi wa makarantar aiki.

Mun san al'adarmu ta ciniki ce, a yi tayi a ce albarka har a kai ga sallamawa. Babu laifi, muddin mai zane ya san iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. Idan ɗan'uwa ne ko surukin gida, a faɗa masa cikakken farashi tukuna, sannan a yi masa ragi, domin ya san alheri aka yi masa.

Har ila yau, a karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya kuɗin kaya, musamman a aikin fostar siyasa, wadda kuɗinta ke wuyar fitowa bayan an faɗi sakamakon zaɓe. A kuma amince tun farko sau nawa za a yi gyara kyauta. Wanda ya zo daga Nijar ta Kongolam da Sefa, a tsayar da canjin a ranar ciniki.

Ga jami'an ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai masu ba da aikin sanarwar rigakafi ko rabon taki, muna kira da a riƙa rubuta yarjejeniya ko da shafi guda ce, a bayyana girman allo da adadi da ranar biya, kuma a nemi rasit. Matashin da ke son irin wannan aiki zai fi samun sauƙi idan ya yi wa sunan sana'arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, ya buɗe asusun banki da sunan.