Daga Idu zuwa Rigasa: Yini Guda a Kaduna

Da sanyin safiya, tashar jirgin ƙasa ta Idu da ke gefen Abuja ta riga ta cika. Ga ma'aikata masu komawa gida, ga 'yan kasuwa da jakunkunansu, ga ɗalibai. A cikinsu akwai wasu da ba su ɗauko komai ba sai ƙaramar jaka da gorar ruwa, domin ba kwana za su yi ba. Yawon buɗe ido ya kai su Kaduna, kuma da yamma za su juyo su kwana a ɗakunansu.

Layin dogon da ya sa wannan ya yiwu tsawonsa kilomita 186 ne. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa shi, aka fara aikin a 2011, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Yulin 2016. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ce ke gudanar da shi. Jirgi kan tashi daga Idu, ya tsaya a Kubwa ya kwashi mutane, ya ratsa ta Jere da Rijana, ya sauke kaya a Rigasa. Tafiyar kan ci awa biyu da ɗoriya, wani lokaci fiye da haka.

Tikiti shi ne abin farko. Tun daga 2021 ake sayar da shi ta intanet, kuma kowane tikiti da lambar tarago da ta kujera. Mai niyyar komowa a ranar sai ya yanki na zuwa da na dawowa tun kafin ya bar gida, saboda kujerun jirgin yamma kan ƙare da wuri, musamman ranar Lahadi da lokutan bukukuwan Sallah da Kirsimeti. Ana kuma neman lambar shaidar ɗan ƙasa. An tsaurara wannan sharaɗi ne bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe fasinjoji aka sace wasu da dama. Jirgin ya daina aiki wata takwas, sai a watan Disamba na wannan shekarar ya dawo, da ƙarin jami'an tsaro a tashoshi da cikin taragu.

Ta taga, mutum zai ga duwatsun da suka kewaye Abuja suna ja da baya, gonakin masara da dawa suna maye gurbinsu, nan da can garken shanu da yaro makiyayi yana ɗaga wa jirgi hannu. Da damina ƙasar kore shar. Da rani kuwa hazo kan rufe nesa.

Abin da baƙo ya kamata ya sani tun kafin ya sauka shi ne, Rigasa ba tsakiyar Kaduna ba ce. Unguwa ce babba a ƙaramar hukumar Igabi, a yammacin gari, kuma daga tasha zuwa cikin birni sai an sake shiga mota ko Keke Napep, an tsallaka babbar hanyar Nnamdi Azikiwe. Idan aka cire wannan lokaci na shiga da na fita, abin da ya rage wa mai yawo 'yan awoyi ne. Wanda ya ce zai ga komai, a cunkoson hanya zai ƙarar da yininsa. Wurare uku ko huɗu da ke kusa da juna sun isa.

Akwai dalilin da ya sa zuwa Kaduna a jirgin ƙasa ya dace da ita fiye da sauran garuruwa. Kano da Zariya da Katsina sun girmi dogo da ɗaruruwan shekaru, amma Kaduna tare da shi ta tashi. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda kogi da kuma layin dogon da ya haɗa Legas da Kano, aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Sunan garin ma, a faɗar da ta fi shahara, daga kadunan kogin ya samo asali.

Shi ya sa masu son tarihi kan fara da Gidan Arewa da ke kan titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, kuma nan sojoji suka kashe shi a daren 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana tarihi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, kuma yanzu yana hannun Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A ciki akwai hotuna da kayayyakin da Sardauna ya yi amfani da su, da ɗakin karatu mai ɗauke da takardun mulki da rubuce-rubucen Larabci da na ajami. Ɗalibin da ya haddace sunan Sardauna a aji, idan ya tsaya a harabar gidan, labarin kan zauna masa daban.

Daga nan ba nisa zuwa Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu. An buɗe shi a 1975, a ginin da a da yake hedikwatar jam'iyyar NPC. Abin da ya fi jan ido a wurin shi ne mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, waɗanda shekarunsu suka haura dubu biyu. An fara tono irinsu ne a 1928 a ƙauyen Nok da ke kudancin jihar, wajen haƙar kuza. Idan azahar ta yi, Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki yana kusa. A hanya kuma mutum zai hangi ƙubbar Zauren Lugga, inda Majalisar Jihar Arewa ta zauna, wanda yanzu yake mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna.

Mai tafe da yara ya fi kyau ya ƙarasa yininsa a bakin kogi, a wurin shaƙatawa na Hassan Usman Katsina, wanda kowa ya fi sani da Gamji. A nan aka kafa tsohuwar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka kwanto daga Zungeru. Mai neman tsaraba kuwa sai ya nufi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya sayi atamfa ko shadda, ya haɗa da kilishi. Zaɓar ɗaya za a yi, Gamji ko kasuwa, domin duk wanda ya shiga ciniki a kasuwar ba ya sanin lokacin da la'asar ta yi.

Jadawalin jirgin yakan sauya. Akwai lokutan da jirage da yawa ke zirga-zirga a rana, akwai kuma lokutan da akan rage su saboda gyaran layi ko na taragu. Don haka mai shirin wannan tafiya ya duba jadawalin makon da zai tafi, ya tabbatar akwai jirgin safe daga Idu ko Kubwa da kuma na yamma daga Rigasa. Ya kuma tambayi ranakun da gidajen tarihin ke buɗewa. In ya samu duka sun daidaita, ya bar tsakiyar gari aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin tashin jirgi, domin hanyar Rigasa kan cushe da yamma.