Sayen Sabon Babur: Wanne Ne Gyara, Wanne Ne Haƙƙin Mai Saye?

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san gyara. In mai awo ta cika mudu, sai ta ɗebo ɗan wani abu da hannu ta ƙara, don mai saye ya ji daɗi ya komo gobe. Kalmar nan ta bi fatake har Kurmi, shi ya sa a kasuwannin Ikko da Badun da Anaca ake jin masu saye suna neman "jara". To amma akwai wani ciniki da wannan kalma take cutar 'yan Arewa mazauna Kudu a cikinsa, watau cinikin sabon babur. Sau da yawa abin da mai shago yake miƙowa da sunan gyara, har a yi masa godiya, kayan mai saye ne tun asali, kuɗinsa yana cikin kuɗin da aka ƙirga masa.

Al'amarin kuwa ba na wasa ba ne. Tun da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar shekarar 2023 zuwa 2024, kuɗin sabon babur irin na haya ya haura Naira miliyan ɗaya. Saurayin da ya shekara uku yana gadi a Agege, ko turin kurar ruwa a Idi-Araba, ko dako a Mile 12, in ya shiga shagon babura da gumin shekarun nan duka yake shiga. Wani ma sai da aka sayar da bijimi a gida aka cika masa. Irin wannan mutum bai kamata ya bar ko da sifana ɗaya a hannun wani ba.

ABIN DA KE CIKIN KWALI

Galibin baburan da ake haya da su a ƙasar nan, irin su Bajaj Boxer da TVS na Indiya, da Haojue da Jincheng na ƙasar Sin, ba a tsaye suke isowa shago ba. A warwatse suke zuwa cikin kwali, sai makaniken shago ya haɗa su. Kamfani kuwa ba ya rufe kwali sai ya sa duk abin da babur yake bukata don ya hau titi: madubi biyu, da makullai biyu, da littafin bayani, da 'yar jakar kayan gyara mai ɗauke da sifana da sukudireba da abin kwance fulogi, da batir. Waɗansu kamfanonin har da hular kwano sukan haɗa.

A tsakanin buɗe kwali da miƙa makulli ne kaya suke yin ƙafa. Ba dukkan masu shago ne suke haka ba, akwai masu amana da yawa. Amma sanannen abu ne a wajen 'yan acaba cewa akan cire batirin kamfani a sa wani mai araha, ko a zare jakar sifana a rataye ta a bango ta zama abin sayarwa. Mai saye yana can yana shafa tanki yana duba fenti, ba ya lura. In ya tambaya sai a ce masa, "Malam, ai wannan daban ake sayensa, amma tunda kai ne, ga shi na ba ka." Shi ke nan, an yi masa kyauta da kayansa.

Maganin wannan ba wuya. Mai saye ya nemi a buɗe kwali a gabansa, ya zauna har a gama haɗawa, ko da zai ɓata yini guda. In kuwa ya tarar an riga an haɗa, to ya nemi littafin bayani tun kafin ya fito da kuɗi, ya kuma tafi da wani ɗan'uwa da ya daɗe a sana'ar, wanda ya san abin da irin wannan babur yake zuwa da shi. Makulli na biyu musamman kada a yi sakaci da shi. Babur sabo wanda ɗaya makullinsa yake hannun wanda ba a sani ba, ai rabinsa kawai aka saya.

Haɗawar ita kanta haƙƙi ce. Babur ɗin da aka haɗa da gaggawa yakan fito da noti sako-sako, da sarƙa ko ta yi tauri ko ta yi laƙo-laƙo, da birkin da bai kama sosai ba. Kafin a fita daga ƙofar shago ya kamata a duba baƙin mai ya kai ma'auni, a gwada fitila da sigina da oda, a auna iskar taya, a taka birki gaba da baya. Kuɗin haɗawa kuma a yi maganarsa tun wajen ciniki, domin akwai inda sai an gama biya sa'an nan makanike zai miƙo hannu.

TAKARDA TA FI MADUBI

Duk da haka, abin da ya fi kowane ƙarfe muhimmanci a cinikin nan ba shi da nauyin ko sisi, watau takarda. Rasidin sayen babur dole ya ɗauki sunan shago da adireshinsa, da kwanan wata, da cikakken sunan mai saye kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, da launin babur, da lambar inji da lambar shasi. Lambar shasi haruffa ne da alƙaluma 17, akan buga ta a wuyan babur. Lambar inji kuma tana jikin injin daga ƙasa. Mai saye ya durƙusa ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da aka rubuta. In ba ya karatun boko, ya sa wanda ya amince da shi ya karanta masa. Harafi ɗaya tak in ya saɓa, ranar da aka tsare shi a hanya ba shi da bakin magana.

A nan ne baƙunta take ƙara wa ɗan Arewa nauyi. Ɗan gari in an kama babur ɗinsa yana da dangi da masu tsaya masa. Baƙo kuwa takardarsa ita ce danginsa. Haka kuma da yawa daga cikin masu saye ba a Kudu za su bar babur ɗin ba. In damina ta kawo kai ko Salla ta matso, akan ɗora shi a tirela a nufi Sakkwato ko Katsina ko Haɗeja, kuma tsakanin Ikko da gida shingayen 'yan sanda da na kwastan ba su ƙirguwa. Saboda haka yana da kyau a nemi kwafin takardar kwastan ta kayan, a haɗa da rasidi, a yi musu hoto, a ajiye na ainihin a wuri mai kyau wajen wani dattijo a Sabo ko a zango.

Rajista da lamba da inshora su kam ba dole ne mai shago ya biya su ba, sai in an yi yarjejeniya. Waɗansu masu shago sukan ce za su yi wa mutum duka a kuɗi kaza. Ba laifi, amma a rarrabe masa nawa ne na lamba, nawa ne na inshora, nawa ne ladan wahala. A farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta tsayar da kuɗin inshorar babur mai biyan ɓarnar da aka yi wa wani a kan Naira 3,000 a shekara, kuma daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka sa ƙaimi wajen neman wannan takarda a hanya. Ta jabu ta yi yawa a gari. Ana iya bincika ta gaskiya da wayar hannu a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID, ta hanyar sa lambar abin hawa. Lasisin tuƙi kuma, mai daraja ta A, wannan aikin mahayi ne da kansa.

Wanda ya karɓi babur a kan biya kaɗan-kaɗan, shi ma ya sa a rubuta ranar da takardun za su koma sunansa, a gaban shaidu. Rigima mai yawa a tsakanin mahaya da iyayen gidansu daga nan take tasowa.

HULAR KWANO

Mutane ba su manta da watan Janairu na 2009 ba, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har aka riƙa ganin mahaya sun kifa ƙwarya ko tukunya a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya a lokacin, amma wanda ya taɓa kai ziyara asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, ko na Dala a Kano, ya san abin ba na dariya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kirki da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

Saboda haka in za a roƙi gyara na gaskiya a wajen mai shago, to a fara da hula ta biyu, ta fasinja. A kuma duba irin hular. Akwai wata ta roba mara nauyi, irin ta masu aikin gini, wadda akan liƙa wa mai saye. Waccan an yi ta ne don tare abin da zai faɗo daga sama, ba ta tsare kan mutumin da ya bugu da kwalta. Ta gaskiya tana da farin soso mai tauri a ciki, da kauri kamar yatsa biyu, da maɗaurin haɓa mai ƙarfi.

Bayan hula sai sabis na farko. Sabon inji yakan zubar da ɗan garin ƙarfe a cikin mai a kwanakinsa na farko, shi ya sa littattafan kamfanoni suke cewa a juye baƙin mai da wuri, galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000. Ɗan acaba mai ƙwazo yakan cinye wannan tafiya cikin mako guda ko biyu. Manyan wakilan kamfani sukan yi aikin sabis na farko kyauta, mai babur ya sayi mai kawai, kuma sukan ba da katin garanti. To katin nan sai an cika shi an buga masa hatimi ranar ciniki yake da amfani, kuma yakan mutu in aka tsallake sabis ko aka kai wa wani makanike ya buɗe injin. Mai saye ya tambaya a fili: wata nawa ne, kilomita nawa ne, me ya shiga ciki, kuma wane gareji za a kai. In an yi masa gardama a kan kaya mai aibu, dokar kare masu saye ta 2018 ta ba shi damar kai ƙara hukumar FCCPC. Amma can ma rasidi za a fara tambayarsa.

Sauran abubuwa kuwa ciniki ne, kowa da iya bakinsa. Ƙarfen tsare ƙafa in an faɗi, da ƙarfen baya na ɗaure kaya, da rigar kujera, da kwaɗo da sarƙa, da litar mai biyu ko uku da za ta kai mutum gidan mai, duk ana iya nema. A ƙasar da ruwa yake zuba wata bakwai ko takwas a shekara, rigar ruwa ta fi tarkacen ado amfani nesa ba kusa ba. Abin mamaki shi ne, da yawa daga samari sukan yi awa guda suna ja-in-ja a kan fitilu masu walƙiya da hotunan liƙawa da oda mai kukan mota, alhali kuwa ba su ko buɗe rasidin da aka ba su ba.

Akwai kuma wani abu da mai shago ba zai faɗa wa kowa ba sai an tambaye shi, watau inda za a iya hawan babur ɗin. Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, su ne Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, kana a watan Satumba na shekarar ta ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Waɗanda aka kama kuwa an sha murƙushe su a bainar jama'a. Babu garantin da yake biyan wannan. Wanda zai saya don haya ya fara sanin unguwar da zai yi aiki, da ƙungiyar da take riƙe da tashar, kafin ya taɓa kuɗinsa.

A game da kayan gyara, tsofaffin hannu sukan ba da shawara a sayi irin babur ɗin da makaniken unguwa ya saba da shi, wanda kuma ake samun kayansa ko'ina, daga kasuwar Nkwo ta Nnewi har kasuwar ƙauyen mutum. Fulogi ɗaya da wayar kuloci ɗaya na ajiya ba su da tsada, in an roƙa a kan cinikin miliyan da wuya a hana.

Kwalin ma kansa abin tambaya ne. Da yawa daga baburan nan a cikin firam na ƙarfe suke zuwa, kuma 'yan gwangwan suna sayen ƙarfen nan da kilo. Yawancin masu shago sun ɗauke shi a matsayin rabon yaran shago, masu saye kuma ba su cika tankawa ba. Wanda ya biya kuɗin babur a kwalinsa, in ya ga dama ya bar wa yaran, in ya ga dama ya sa a ɗaure masa shi a baya ya tafi da abinsa.