Kirci da Man Ganye: Mu Gwada Kafin Mu Yaba

Jama'a, duk wanda ya daɗe a sana'ar shanu ya san kirci. Da zarar damina ta zauna, sai ka ga gashin bayan sa ya cure, ya yi ɓawo kamar busasshen taɓo. In ka ɓamɓare, ga jan nama a ƙasa. Dabba ta rame, fata ta lalace, in an kai ta kara mai saye ya taya rabin kuɗi ya juya baya. Mu da ke sayo shanu a Dosso da Gaya muna ƙetare gada zuwa Malanbil da Paraku, mun sha wannan asara ba sau ɗaya ba.

Likitocin dabbobi sun ce wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda aka fara ganowa a ƙasar Kwango a 1915. Ruwan sama yana jiƙa fata ta yi laushi, kaska mai zane a baya ta huda ta, ƙwayar ta samu ƙofa. Allurar teramisin tana kwantar da shi, amma sau da yawa in wata damina ta zo sai ya dawo.

To, a 2003 wasu masu bincike suka bayyana wani gwaji da suka yi a ƙasar Benin. Ganye uku suka ɗauka: gogamasu, wanda iyayenmu ke goga wa yara a kan makero, da wani ɗan'uwan tafasa da rai-ɗore mai furanni rawaya, da lantana da ake shinge da ita. Suka jiƙa ganyen a alkol don ya fitar da ƙarfinsa, suka haɗa da mai ya zama na shafawa. Shanu 9 masu kirci aka shafa wa, sau ɗaya a rana, kwana 8 zuwa 15. Cikin kwana 3 zuwa 4 ɓawon ya fara zuba. Bayan mako 3 zuwa 4 da gama magani gashi ya tsiro ba tabo. Sun bi shanun fiye da shekara 3, ciwon bai dawo ba.

Labari ne mai daɗi, amma mu lura da yadda suka yi. Sun tabbatar kirci ne, sun ƙidaya kwanaki, sun yi haƙurin shekaru kafin su buɗe baki. Duk da haka su da kansu sun kira shi sakamakon farko, don shanu 9 ba garke ba ne. Kuma ita lantana guba ce in saniya ta ci ganyenta.

Ina wannan, ina mai kwalba a bakin kara da ke rantsuwa maganinsa na kashe kirci dare ɗaya? Ina kuma masu shafa baƙin man mota don ɓawo ya ɓuya har a sallama? Mun karanta tun muna yara cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma kuɗinsa ba ya albarka.

Shawararmu ga ƴan ƙungiya ita ce: wanda zai gwada man ganye, ya fara kiran likitan dabbobi ya duba, don ba kowane ƙurji ne kirci ba. Ya ware marar lafiya daga sauran. Ya shafa a ɗan wuri tukuna, ya ga ko fata za ta ƙone. Ya rubuta ganyen, da yawansa, da ranar farawa, ko da ajami ne. Ya wanke hannu da sabulu, don ciwon kan taɓa mutum. Kada kuma a bar yaƙi da kaska, domin nan ne tushen.

In damina ta zagayo, kowa ya kawo takardarsa taro, wanda ya dace da wanda bai dace ba, mu haɗa mu miƙa wa likita. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu halal, amin.