Kashi 90 Cikin Ɗari na Su Wa? Yadda Ake Karanta Bincike Kan WhatsApp da Karatun Jami'a

Duk ƙarshen shekarar karatu, ɗaliban ajin ƙarshe a manyan makarantunmu sukan bazama da takardun tambayoyi domin aikin bincikensu na kammalawa. Cikin batutuwan da suka fi jan su a 'yan shekarun nan akwai amfani da kafafen sada zumunta wajen koyarwa. Dalilin a fili yake. Annobar korona ta sa an rufe makarantu a Maris na 2020, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wannan shekarar ya kai wata tara, na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A tsakanin nan zauren WhatsApp na aji ya zama allon sanarwa, ya zama wurin raba takardun karatu, wani lokaci ma malami ya aiko da bayanin darasi ta saƙon murya. Sakamakon irin wannan bincike kusan kullum kamanninsa ɗaya: mafi yawan ɗalibai sun yarda cewa kafafen suna taimaka wa karatu, saboda haka ana ba hukumar makaranta shawarar ta rungume su hannu bibbiyu.

Mutanen Talata Mafara suna da ruwa da tsaki a wannan magana. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau take tun 1992, zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato. A nan aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara a 2018. Ga Kwalejin Aikin Gona a Bakura, ga ta horar da malamai a Maru, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Idan shugabannin waɗannan makarantu za su yanke shawara bisa alƙaluman bincike, 'ya'yanmu da ƙannenmu ne shawarar za ta hau kansu. Don haka ya kamata ko wanda bai taɓa zama ajin ƙididdiga ba ya san tambayoyin da zai yi wa jadawalin da aka ajiye masa a gaba.

Ta farko, wadda kuma ta fi sauran nauyi: su wa aka tambaya?

Mai sayen shinkafa a kasuwar Talata ba ya zazzage buhu don ya san abin da ke ciki. Hannu ɗaya ya ishe shi, amma da sharaɗin ya zura shi can ciki, ba ya tsaya kan wadda aka jera a saman buhu ba. Binciken jin ra'ayi ma haka yake tafiya. Mutum ɗari uku ko huɗu suna iya wakiltar dubbai, in dai kowa a cikin dubban yana da damar a zaɓo shi. In babu wannan damar, yawan masu amsawa ba ya gyara komai. Tarihin ƙididdiga yana da shahararren misali. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika da takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta kuma bayyana cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye da yawa ne daga littafin lambobin tarho da rajistar masu motoci, wato masu hannu da shuni a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan waɗanda suka damu su mayar da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. George Gallup, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawan ba amma ya tsara zaɓensu, ya faɗi wanda zai ci daidai.

To yanzu dubi yadda ake yi a wurinmu. Mai bincike ya tsara tambayoyinsa a Google Forms, ya tura wa wakilin aji, shi kuma ya jefa a zauren WhatsApp. Wa zai gani? Mai babbar waya, mai data, mai caji, wanda yake inda akwai sabis. Wato an tambayi masu amfani da WhatsApp, ta cikin WhatsApp, ko suna amfani da WhatsApp. Ɗalibin da ƙaramar waya mai madannai kawai yake da ita bai san ana yi ba. Haka ɗalibar da sai yayanta ko maigidanta ya dawo da dare take aron wayarsa, haka wanda datarsa ta ƙare tun tsakiyar wata. Su ne kuwa mutanen da binciken ya fi buƙatar jin ta bakinsu, domin su ne za su cutu idan aka mayar da karatu kan waya.

Mu ƙaddara wani sashe yana da ɗalibai 300. An tura tambayoyi, 120 suka amsa, 108 daga cikinsu suka ce suna karɓar darasi ta WhatsApp. Mai bincike zai rubuta kashi 90 cikin ɗari, kuma lissafinsa daidai ne. Amma ina sauran 180? Idan dukkansu ba sa amfani da kafar, gaskiyar lamarin kashi 36 ne. Idan dukkansu suna yi, kashi 96 ne. Tsakanin 36 da 96 akwai tazarar da za ta iya juya kowace irin shawara, kuma babu wata manhajar lissafi da za ta cike ta. Shi ya sa rahoton da ya faɗi yawan waɗanda suka amsa, ya yi shiru kan yawan waɗanda aka nema, ya ɓoye rabin labari. Ɗalibai masu bincike sukan kare kansu da cewa sun bi ƙa'idar Taro Yamane, ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 wanda ya nuna mutum 384 sun isa a wakilci jama'a mai yawa. Gaskiya ne, amma waɗannan ƙa'idoji an gina su ne bisa zaton cewa an zaɓo mutanen ta hanyar ƙuri'a, kowa da damarsa. Ba su ce a tattaro 384 na farko da suka danna waya ba.

Tambaya ta biyu ita ce yaushe aka yi binciken, kuma a nan Zamfara tana da abin faɗa fiye da kowace jiha. A farkon Satumba na 2021, kwanaki kaɗan bayan an sace ɗaliban makarantar sakandare ta Kaya a Ƙaramar Hukumar Maradun, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a ba jami'an tsaro damar fatattakar 'yan bindiga. An ce mako biyu ne da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sun ƙara jiran makonni masu yawa, har mutane suna hawa mota zuwa maƙwabtan jihohi don kiran waya kawai. Kafin wannan, a watan Agusta, an kai hari Kwalejin Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, a Fabrairu kuma aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe. A daidai wannan lokaci Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Duk binciken da aka yi ta intanet a watannin da aka katse sabis ɗin kan "ɗaliban Arewa maso Yamma", to babu ɗalibin da ke zaune Mafara ko Bakura ko Maradun a ciki, ko da mai binciken bai faɗa ba. Haka nan alƙaluman da aka tattara kafin Janairu 2025, lokacin da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, ba lallai su dace da aljihun ɗalibin yau ba.

Sai kuma yadda aka yi tambayar kanta. "Kana amfani da kafafen sada zumunta wajen karatu?" Tambaya ce mai faɗi da kowa zai iya cewa e. Wanda yake duba zaure don ya ga ko an ɗage lakca zai ce e. Wanda ya saurari bayanin minti ashirin daga malaminsa, ya yi tambaya aka amsa masa, shi ma zai ce e. A jadawali sun zama mutum iri ɗaya, alhali ɗaya sanarwa ya karanta, ɗayan karatu ya yi. Sannan an haɗa WhatsApp da Facebook da TikTok da YouTube da Telegram a suna guda, kamar aikinsu ɗaya.

Akwai kuma abin da litattafan ƙididdiga da aka rubuta a Turai ba su cika auna nauyinsa a wurinmu ba, wato kunya da kara. Idan malami da kansa ya raba takarda a aji, yana tsaye, tana tambaya ko hanyar da yake koyarwa tana da amfani, ɗan Bahaushe da aka yi wa tarbiyyar girmama malami ba zai rubuta a'a cikin sauƙi ba, balle yana tunanin makin jarrabawa. In an ƙara da cewa jimlar an gina ta ne tana jan mutum, irin "kafafen sada zumunta suna inganta fahimtar ɗalibai", cikin Turancin da wasu ba su gama kama shi ba, sai ka ga layi ɗaya an bi daga sama har ƙasa: na yarda, na yarda, na yarda. Ba zan tsaya kan waɗanda ke zama gindin bishiya su cike takardu hamsin da hannunsu ba. Malaman da ke duba aikin sun san su, rubutu ɗaya da biro ɗaya sukan tona musu asiri.

Ko mai gaskiya ma yakan yi kuskure idan aka tambaye shi awa nawa yake yi a waya. A 2021 Douglas Parry na Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa da suka kwatanta abin da mutane suka faɗa da abin da na'ura ta rubuta, suka wallafa a mujallar Nature Human Behaviour. Sun gano cewa abubuwan biyu ba su cika dacewa ba. Wannan yana da magani mai arha, domin yawancin manyan wayoyi suna nuna lokacin da aka ɓata a kowace manhaja. A roƙi ɗalibi ya duba ya faɗa, in ya amince, ya fi a ce ya yi kirdado.

Wurin da na fi so mai karatu ya lura shi ne lamba 2.50, wadda ta cika kundayen bincike na tsangayoyin ilimi a Nijeriya. Asalin ma'aunin amsoshin da ake samo ta daga cikinsa na Rensis Likert ne, a 1932. A wurinmu akan ba da zaɓi huɗu: na yarda sosai maki 4, na yarda 3, ban yarda ba 2, ban yarda ba sam 1. A haɗa a raba huɗu, a sami 2.50, sai a ce duk jimlar da matsakaicin makinta ya kai haka "an karɓe ta". To a ce ɗalibai 100 ne, 50 suka ce sun yarda sosai, 50 suka ce ba su yarda ba sam. Matsakaici 2.50 ne cif, an karɓa ke nan. Amma abin da ke gabanmu aji ne da ya rabu gida biyu, rabi suna jin daɗi, rabi an bar su a baya. A wani ajin kuma 50 su ce sun yarda, 50 su ce ba su yarda ba, babu mai zafi a kowane ɓangare, shi ma 2.50 zai bayar. Lamba ɗaya, hali biyu mabambanta. Manhajar lissafi ta SPSS ba za ta yi gargaɗi ba, abin da aka zuba mata take niƙawa. Mai karatu ya nemi a nuna masa yawan mutanen da suka zaɓi kowace amsa, sannan a rarraba: maza da mata, mazauna ɗakin kwanan makaranta da masu zuwa daga gida, 'yan cikin gari da masu tasowa daga ƙauyukan Bakura da Maradun. Sau da yawa a nan ne abin da ake nema yake ɓoye. Sai dai a kula, in an rarraba har rukuni ya koma mutum takwas ko goma, kashi cikin ɗari ya daina nufin wani abu, mutum ɗaya ya sauya ra'ayi sai lambar ta yi tsalle.

Idan kuma jadawali ya nuna masu yawan amfani da zauren aji sun fi cin jarrabawa, kada a yi saurin cewa zauren ne ya jawo. Mai babbar waya da data kullum, galibi shi ne mai kuɗin littafi, mai wutar sola a gida, wanda ba ya barin aji ya tafi gona ko kabu-kabu. Yana iya yiwuwa kuma ɗalibi mai himma ne dama, himmarsa ce ta kai shi zauren, ita ce kuma ta ba shi maki.

Binciken da zai amfani makarantun Mafara ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A karɓi jerin sunayen ɗalibai daga rajistar sashe, a zaɓo ta ƙuri'a, a bi waɗanda aka zaɓa da takarda a hannu, da Hausa ga wanda ya fi so. Wanda zai raba kada ya zama malamin da ke ba su maki, kuma kada a rubuta suna ko lambar waya, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi kan duk mai tattara irin waɗannan bayanai. A tambayi abin da ya faru a makon da ya wuce, ba abin da mutum yake ji a ransa ba: wayar taka ce ko ta aro, nawa ka kashe a data, sau nawa sanarwa ta wuce ka, a ina kake yin caji. A tambayi malamai daban, domin su ma da kuɗin aljihunsu suke sayen data. A ƙarshe a rubuta ƙarara mutum nawa aka nema, nawa aka samu, me ya hana samun sauran. Da irin wannan ne shugaban sashe zai san ko ya isa a tura sauyin ranar gwaji ta WhatsApp kawai, ko kuwa dole a ci gaba da liƙa shi a allon sanarwa na ƙofar ofis, a ba da kwana biyu ko uku kafin ranar.