Fentin ƙarƙashin mota: wanne ke kare ƙarfe, wanne ke ɓoye tsatsa?

Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata, abin da ya sa hankali ya ƙara karkata ga motocin da aka yi amfani da su a ƙetare. Da yawansu daga Amurka da Kanada suke fitowa, inda a wurare irin su Michigan da Ontario ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Gishirin nan shi ke cin ƙarƙashin mota, ko da jikinta na ƙyalli.

Fentin jikin mota bai dace da wannan wuri ba. Sifirin yana lanƙwasa ya miƙe duk sa'ad da taya ta faɗa rami, tsakuwa kuma na dukan shasi. Fenti mai tauri sai ya tsage, ruwan damina ya shiga ta tsagar ya kwanta.

Aikin da ke jurewa yana farawa ne da kankare tsatsa har ƙarfe ya fito, a wanke maiƙo, a bar wurin ya bushe. Daga nan a shimfiɗa fentin farko na epoxy, wanda ke kama ƙarfe gam, sannan a bi shi da na polyurethane, mai bin ƙarfe idan ya motsa ba tare da ya fashe ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne baƙin fenti mai kaurin nan na roba ko kwalta. A kan ƙarfe mai lafiya yana tare tsakuwa, ya rage ƙara. A kan tsatsa kuwa danshi yake kullewa a ciki, ƙarfe ya ci gaba da ruɓewa ba a gani. Saboda haka tsohuwar motar da ƙarƙashinta ke sheƙi da sabon baƙin fenti ta cancanci a ɗaga ta sama, bakanike ya ƙwanƙwasa shasin kafin a yi ciniki.

Fesa baƙin man inji, da wasu ke yi saboda arha, yana kumbura robobin ƙafar mota, ya tara ƙura. Faifan birki da sandar shokazoba ba a kai musu fenti ko kaɗan, salansa kuma sai fentin da aka yi domin jure zafi.